Na Tafi Yamai da Jan Fenti a Zaurenmu

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, har a wurin ɗaurin aure, da an gaisa sai a ce, "To Nasiru, yaya Nijar?" Wani so yake ya ji ko gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda, wani kuwa kilishi kawai yake nema. Nakan ce lafiya lau in wuce, domin labarin ba na tsaye ba ne. Yau na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Sai dai wanda ya zo neman abin dariya kaɗan zai samu, don tafiyar ba da sakakkiyar zuciya na yi ta ba.

Ga wanda bai san ni ba, ɗalibi ne ni a ajin ƙarshe a jami'a, sashen tsara birane. Karatunmu shi ne inda hanya za ta bi, inda kasuwa za ta zauna, da inda ruwan sama zai fice daga gari ba tare da ya shiga ɗakin kowa ba. A unguwarmu a Talatar Mafara babu mai lokacin wannan dogon bayani. Tun shekarar da na shiga Baba ya taƙaita musu shi, ya ce, "Ɗana shina cikin masu hidda hanya."

Ana dab da tafiyar da sashenmu ya shirya don mu ga yadda maƙwabta suke tsara nasu garuruwan, na zo gida hutu na tarar da jan fenti a bangon zaurenmu, irin alamar da malami ke yi wa amsar da ba daidai ba. Za a faɗaɗa titin unguwar, a yi masa magudanar ruwa kafin damina. Ban buƙaci tef ba, da ido na auna: zauren duka zai tafi, da ɗakin baƙi da ke bayansa. Kakana ne ya gina zauren nan. Azararsa ta giginya ce, daga wajen Dosara aka ɗauko ta a kan raƙuma, kuma har yau gara ba ta ci ko ɗaya ba. A ciki aka raɗa wa Baba suna, a ciki yake karɓar baƙi, a ciki aka yi zaman makokin mahaifinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san titin yana buƙatar aikin. Kowace damina ruwa kan tsaya mana har gwiwa, kuma na taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda a hannu zuwa bakin kwalta saboda mota ta kasa shigowa.

A wajenmu, in aka yi wa gida alama, mai gida ba ya jiran katafila. Shi da kansa yake kiran gayya a sauke ginin a hankali, a cire azara da ƙyaure da kwano, tsohuwar ƙasar bangon kuma a kwashe ta a kai gona, don ta fi taki da yawa ƙarfi. In katafila ta riga ka kuwa, ba ta san azarar kakan kowa ba, murƙushe komai take yi ta wuce. Mutanen farkon titi sun riga sun fara sauke nasu. Amma a namu ɓangaren babu wanda ya ɗaga diga, domin Baba ya bi su ya ce su dakata, ɗansa zai yi tafiya da babban malaminsu, za a gyara maganar.

Na same shi a zaure bayan la'asar, na zauna a ƙasa na ce, "Baba, malamin namu koyarwa yake yi. Ba shi ya zana hanyar nan ba, bai ma taɓa zuwa Mafara ba."

Ya ce, "Su duka ba karatu guda sunka yi ba? Ai sun san juna. Kuna mota guda, kuna cin abinci kwano guda, kac ce ba ka iya buɗa baki? Ka hwaɗa mai zauren kakanka ne. In babba yay yi magana, layi na kaucewa."

Na sake buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Baba in ya ɗaga hannun nan an gama.

Inna 'yar Maradun ce, tana ƙarama aka tashe su lokacin da ruwan dam ya ci tsohon wurinsu. Tana ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dakuwa a leda ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka yi abin da yac ce maka. Amma ni na taɓa ganin alama ga bango, ban ga wadda tag goge kanta ba." Na lura ta riga ta fara kwashe littattafan Baba daga ɗakin baƙi, kaɗan-kaɗan, yadda ba zai gane ba.

Da safe muka shiga motar Sakkwato ni da Rifkatu, 'yar ajinmu. Mahaifinta ma'aikacin lafiya ne a Mafara, a nan aka haife ta, kuma in tana zuba Zamfarci sai ka rantse jikar Sarkin Noma ce. Kowa ya san yadda hanyarmu ta zama. Da mun bar gari sai hira ta mutu, mai tasbaha ya ciro, Rifkatu ta sunkuyar da kai tana tata addu'ar. A Lambar Bakura muka tsaya direba ya zuba ruwa a mota, sai ga wata akori-kura maƙare da mata da yara da tukwane, an ɗaure ƙyauren ɗaki a samanta. Mutanen wani ƙauye ne da zama ya gagara. Direbanmu ya bi su da kallo ya ce, "Wanda yat tashi da ƙyaurenai ba shi da niyyar komawa kusa."

Bayan mun wuce Tureta na gaya wa Rifkatu saƙon da aka ɗora mini. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta haɗiye ta. Ta ce, "Kai, Nasiru. Ka dai san Dakta."

Na san shi kuwa. Dakta shi ne malamin da ya jagoranci tafiyar, gajeren mutum mai kaifin ido, ba ya rabo da tef ɗin awo a aljihu. Mutumin da zai iya kayar da kai jarrabawa don ka zana kasuwa ka manta bayan gida, shi zan je in roƙa ya kautar da layi.

A Sakkwato muka haɗu da sauran 'yan aji, muka kama hanyar Illela a bas ɗin makaranta. A kan iyaka aka fara gwada haƙurinmu. An sha gaya mana kowa ya zo da katin rigakafi, amma mutum biyu suka tsaya suna lalube a jaka kamar yau suka fara jin labarinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai da aka yi ta kai da kawowa kafin a sallame su. Muna murna an gama, sai shugaban ajinmu ya ga yadda aka jera manyan motoci a filin kwastan na Ƙonni, ɓangaren Nijar, abin ya burge shi, ya ciro waya ya fara ɗaukar hoto. Cutar 'yan sashenmu ke nan, ko kwalbati muka gani sai mun ɗauka. Wani jandarma, irin 'yan sandansu, ya tako a hankali ya karɓe wayar, ya sa a aljihu, ya koma inuwarsa. Muka yi ta gasuwa a rana. Dakta ba ya jin Faransanci, shi kuma jami'in ya ƙi jin Turanci, sai da aka koma Hausa aka gaisa sosai, aka tambayi iyali da gajiya, sannan ya goge hotunan ya miƙo wayar, ya ce mu gaishe da mutanen Najeriya.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne faɗin tituna. Gari ƙarami, ba kwalta, jakuna da amalanke ne suka fi yawa, amma an bar wa hanya wurinta tun kafin a yi gini. Dakta ya sa aka tsayar da bas a wata unguwa, ya sauka da tef ɗinsa, ya sa mu auna daga bango zuwa bango, yara suka taru suna kallon mahaukatan da ke auna rairayi. Ni kuwa ina riƙe da bakin tef ina tunanin da a zamanin kakana an yi haka a Mafara, da yanzu ban ɗauko wannan kaya ba. Ban da wannan, Hausa dai Hausa ce, sai dai su kan cusa kalmomin Faransa inda mu muke cusa na Ingila, kowa kuma yana ganin na ɗan'uwansa ne abin dariya.

Burodin da kuke tambaya, gaskiya ne, dogo ne, kuma in ya kwana ana iya korar akuya da shi. Tsaga shi suke yi su zuba wake da mai a ciki. A Dogon Dutsi muka ci dambu da zogale wanda na yarda ya fi namu, ko da yake ba zan faɗi haka a gaban Inna ba. Shayinsu a 'yan ƙananan kofuna ne, zagaye bayan zagaye, wanda ya ce sauri yake yi ya yi rashin ladabi. Da rana ta take kuma sai gari ya kwanta, kantuna su rufe, ofis ya zama kango sai yamma. Mu da muka saba a Mafara ana ciniki ko ƙwaƙwalwa na tafasa, sai muka riƙa buga ƙofofin mutane a banza.

A Doso na yi yunƙurin farko. Na ga Dakta shi kaɗai yana alwala, na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana." Ya ɗago ya nuna mini titin da ke gabanmu ya ce in ƙiyasta masa faɗinsa. Na ƙiyasta, ya ce na yi kusa, ya shiga masallaci. Maganar ta koma ciki.

A Yamai an sauke mu a ɗakunan kwanan ɗalibai kusa da kogi. Zafin bazara ya hana zaman ɗaki, muka fito da katifu tsakar gida, sauron kogi kuma ya karɓi baƙuncinmu hannu biyu. Kullum bayan sallar asuba wayata za ta yi ƙara. Baba zai gaishe ni tsaf, ya tambayi gajiya, ya tambayi malamai da abokan tafiya, sannan ya ce, "Ka yi maganar?" In ce, "Tukuna, Baba." Ya ce, "To, katahila ta kawo wajen masallacin Juma'a." Washegari ya ce ta wuce masallacin. Ina tsaye a ƙasar wasu, ina jin ƙarfe yana matsowa ƙofar gidanmu.

An kai mu ofishin masu tsara birnin, aka baje mana manyan taswirori masu launi, wani jami'i ya yi ta bayani ana fassara mana. Aiki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, har na ji sha'awar sana'armu ta dawo mini. A kan taswira unguwa guda ba ta fi tafin hannu ba, kuma jan layin da ya ratsa ta siriri ne kamar zare. 'Yan ajinmu suna ta rubutu, ni kuwa idona ya kasa barin layin.

A rana ta kusa da ta ƙarshe aka kai mu wata sabuwar unguwa a kan tudu, can bayan gari, inda aka ba mutanen bakin kogi filaye bayan ambaliya ta ci gidajensu. Layuka a miƙe, kowane fili da lambarsa, ba itace ko ɗaya. Da muka shiga sai na ga gidajen iri biyu ne. Wasu da tsohon kwano da tsofaffin ƙyamare a jikin sabon gini, wasu kuwa zana ce da leda, an rataya buhu a bakin ƙofa. Na tsaya wurin wata mata mai tuyar masa a gaban irin na biyun, na saya, muka gaisa. Tana jin Hausa sosai. Na tambaye ta me ya bambanta su da maƙwabta.

Ta ce, "Waɗancan da aka ce a tashi sun tashi, sun cire kayansu da hannunsu. Mu mun jira. Maigidan ya ce tun yana yaro ruwa bai taɓa zuwa ƙofarmu ba." Ta juya masarta ta ce, "Da tukunyar nan kawai na fito."

Na biya ta, na kasa cin masar. Na nufi bas, inda Dakta ya fake a 'yar inuwarta yana shan ruwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa na zayyana masa komai, tun daga jan fenti har zuwa mutanen da suka ajiye diga saboda maganar Baba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya fara tambaya kamar muna aji. Faɗin titin nawa ne yanzu? Ina ruwan ke taruwa? Me ke ɗaya gefen, daura da zaurenku? Na ce gidajen mutane ne, ƙanana, ɗakunan kwanansu a bakin titi suke. Ya ce, "To kai da an ba ka takarda, ina za ka ja layin?"

Ya san amsar, na san ta.

Ya ce, "Nasiru, ba ni da wanda zan kira. Ko da ina da shi, in layin ya kauce wa zaurenku, a kan ɗakin wani zai sauka, wanda ba shi da ɗa a jami'a. Ka kira mahaifinka yau, kada ka bari sai gobe. Ka ce ya ceci abin da zai cetu."

Gaskiya ya faɗa, kuma a lokacin na tsane shi saboda ita. Na tsani tef ɗinsa, na tsani taswirorin nan masu launi, na tsani ranar da na cike takardar shiga sashen. Na koma bayan bas na zauna. Rifkatu ta zo ta ajiye mini ruwa a gefe ta tafi ta bar ni, kuma na gode mata da hakan.

Bayan la'asar na kira. Muka gaisa kamar kullum, har ya tambayi zafin garin. Sannan na ce, "Baba, na yi maganar. Ba abin da za a iya. A kira gayya a sauke zauren tun katafila ba ta iso ba, a gaya wa maƙwabta su ma."

Can ya ce, "Shi yac ce haka?"

Na ce, "Shi ya ce. Ni ma haka na gani."

"Kai ma?"

"Ni ma, Baba."

Ya ce, "To." Ya kashe wayar. Ban taɓa jin kalma mai nauyin wannan ba.

Da yamma Inna ta kira ni ta gaya mini abin da shi bai faɗa ba. A safiyar ranar katafila ta kai shagon Malam Hamisu tela, abokin Baba tun na ƙuruciya. Da ƙyar ya fitar da kekensa. Ƙyaure da kwano da azara duk sun tafi, domin yana cikin waɗanda suka jira.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. An yi waƙe-waƙe a bas, an sayi kilishi a hanya, an wuce iyaka lafiya ba wanda ya ciro waya. Ni dai ina jingine da taga ina tunanin da wace fuska zan shiga unguwa.

Da hantsi muka iso Mafara. Na sauka a bakin titinmu na kusa ɓata. Sama ta buɗe inda da rumfuna suke, gidaje sun zama kamar an yanke musu fuska, ana hango tsakar gidan mutane daga waje, mata sun kakkafa zana. Can ƙasa katafila tana ta gurnani, bai fi saura gida 'yan kaɗan ta iso ba. Maƙwabtanmu duk sun sauke nasu, azara a jere a gefe, amalanke na ta kwasar ƙasa. Daga baya na ji cewa tun yammacin da muka yi waya Baba ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa, yana cewa a yafe masa, shi ya sa su jira. A gidan Malam Hamisu ya fi daɗewa, kuma ya yi masa alkawarin ƙyauren zaurenmu.

Zaurenmu kaɗai ne a tsaye cikakke a duk layin. A gabansa mutanen unguwa sun taru da diga da shebur, an jingina tsani, ga amalanken da zai kai ƙasar gonarmu ta Garbadu. Babu wanda ya taɓa komai. Na ɗauka za a yi mini kallon banza, amma sai dattawa suka yi ta yi mini sannu da hanya, har da Malam Hamisu, wanda hakan ya fi zagi zafi a wurina.

Baba yana zaune a kan buzunsa a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi malaminmu da lafiyarsa, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya miƙe, ya karɓi diga a hannun wani, ya miƙo mini.

Ya ce, "Tun jiya sunka so su hwara, nic ce a jira ka. Ubana yag gina shi, ni hannuna ba shi iyawa. Kai ka yi karatun abin. Hau."

Ko jakata ban kai ciki ba. Na tuɓe takalmi na hau tsanin. Daga saman soron na ga titin gaba ɗaya, daga kwalta har inda ruwa ke taruwa, kuma layin daidai yake, ba inda ya karkace. Na yi bisimilla na ɗaga digar na sara. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse, digar ta dawo mini. Na ƙara ƙarfi na sake sarawa, hawaye suna hana ni ganin inda nake sara.

Baba ya juya wa zauren baya, yana fuskantar titi. Bai waiwayo ba, muryarsa kawai na ji daga ƙasa.

"Sannu-sannu, Nasiru. Kak ka karya ma kakanka azara."